Lamba Biyar ta Koci Ɗalha

Shekara goma sha uku Ɗalha Isyaku ya yi yana tsaron baya, har 'yan kallo suka manta sunansa na yanka suka koma kiransa Ganuwa. Ɗan Madabo ne, ɗan gidan dukawa. Ya buga wa ƙungiyoyi uku a babbar gasar ƙasa, ya yi kaka biyu a Sudan. Ƙwallo huɗu kacal ya taɓa ci, kuma in ka tambaye shi sai ya ce biyu daga ciki tsautsayi ne. Gwiwa ce ta ajiye shi yana da shekara talatin da huɗu.

Da ya dawo gida ya yi kwas na horarwa, aka ba shi wata ƙaramar ƙungiya a Gwammaja, Zaratan Dala. A nan ya tarar da Abdulhakeem, dogon saurayi, tela, wanda ke buga musu gaba. Mako biyu Ɗalha yana lura da shi. In ya zo bakin raga sai ya riƙa inda-inda, amma tun kafin a buga ƙwallo ya san inda za ta faɗi.

Ran nan bayan atisaye ya kira shi gefe. "Daga gobe lamba biyar za ka buga."

"Koci, ni fa ɗan gaba ne. Wa ya taɓa yi wa mai tsaron baya kirari?"

"Ni an yi min," in ji Ɗalha.

Abdulhakeem ya ɗauke ƙafa. Kwana shida ba a gan shi a fili ba. A na bakwai Ɗalha ya taka har shagonsu, ya zauna a benci yana kallonsa yana ɗinki, sai da ya gama wuyan wata riga tukuna.

"Ba ni wasa goma," in ji Ɗalha. "In abin bai karɓe ka ba, ni da kaina zan mayar da kai gaba."

Farkon bai yi daɗi ba. A wasa na uku Abdulhakeem ya ci gida da ka, 'yan kallo suka yi masa ature da ledar ruwa. Shugaban ƙungiya, Alhaji Sule, ya ce a mayar da yaro inda yake.

"Alhaji, in za a mayar da shi, a haɗa da ni a sallama," in ji Ɗalha.

Alhaji ya bar maganar. Daga ranar, kullum bayan asuba Ɗalha da Abdulhakeem su biyu ne a fili. Ɗalha na ɗingishi yana nuna masa yadda ake sa kafaɗa, da lokacin shiga, da lokacin haƙuri a bar ɗan gaba ya ruɗa kansa.

Wasan ƙarshe na kakar, canjaras kawai suke nema su haura rukuni. Tun kafin hutun rabin lokaci aka ba ɗan tsakiyarsu jan kati. Su goma suka tsare gida. Saura minti biyu aka bugo kwana, gola ya fito ya kuskure, ƙwallo ta nufi raga ba kowa. Abdulhakeem ya riga ya koma kan layi. Ya sa goshi ya fitar da ita.

Da aka tashi canjaras Ɗalha bai yi tsalle ba. Ya tsaya ya harɗe hannu, idonsa ya ciko, yana jin fili duka na kiran sunan yaronsa. Alhaji Sule ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Koci, ka fi ni gani."

A gida, matarsa Nana Hauwa ta ajiye masa shinkafa da wake. Bai ko buɗe kwanon ba. Ya miƙe a tsakar gida, ya mayar da turmi gola, bokiti ya zama ɗan gaba, yana nuna mata yadda aka yi. Sau uku ya maimaita, ita kuwa tana ta dariya tana cewa abinci zai huce.