Alhaji Biyu a Hoto Ɗaya

"Don Allah kada kowa ya motsa!" Kamilu ya ɗaga murya, idonsa a kan waya, ɗan jirginsa na ɗaukar hoto yana shawagi a saman gonar Alhaji Bawa da ke bakin gulbin Bungudu.

Tun daga Gusau ya goyo jirgin a babur. Sa'adatu yake nema, Alhaji kuwa ya riga ya ce ba zai ba mai wasa da jirgin yara 'yarsa ba. Yau Kamilu zai nuna masa wasan nan sana'a ce.

Dabarar sabuwa ce a hannunsa. Jirgi zai tsaya cak ya ɗauki hotuna da yawa, wani ya fito da na kusa tar, wani tsakiya, wani can nesa, sannan kwamfuta ta haɗe su wuri ɗaya, komai ya fito ras. Sharaɗin kawai kada a motsa sai an gama. Ya yi bayani, Alhaji ya ce, "Na ji, na ji," irin jin nan da ba ya wuce kunne.

Aka ɗauki na kusa, Alhaji a gaba cikin babbar riga, iyali a bayansa. Sai iska ta taso, Kamilu ya duƙufa lallashin jirgi. Kafin ta lafa a ɗauki na nesa, Alhaji ya sulale.

Washegari Kamilu ya kawo hoton, an wanke shi ƙato. Shi dai kyan ganye ya duba, bawan Allah, bai duba abin da ke ƙarƙashin ganyen ba. Hajiya Uwa, mahaifiyar Sa'adatu, ta maƙala tabarau ta bi hoton da yatsa. Yatsan ya tsaya.

"Alhaji, wanga hwa?"

Ga Alhaji a gaba, fuska a murtuke. Ga kuma Alhaji can ƙarshen gona a tsugune, hula a gwiwa, ya kama rake da hannu biyu yana gabza. Mutumin da likita ya hana zaƙi, wanda ya rantse mata ko ƙamshin rake ya daina shaƙa.

"Aikin inji ne," in ji Alhaji.

"Injin ne ya tauna?"

A ransa Kamilu ya yi ban kwana da Sa'adatu, har da zaɓen waƙar da zai saurara a hanya.

Hajiya ta cire tabarau. "Da ni da ɗiyanka mun yi gadi mun gaji, yaro ya kama ka rana guda. Irin wanga surukin nika so."

Alhaji ya daɗe yana kallon kansa a tsugune. Can ya ja Kamilu gefe.

"Turo magabatanka. Amma ranar biki, ka bar jirgin nan Gusau."