Baftismar Inna Sai Baɗi

A ƙauyen su Lauratu, can bayan Malumfashi, sau ɗaya ake baftisma a shekara: da kaka, kafin rafi ya ƙafe. Wanda ya rasa bana, sai baɗi. Inna kuwa, mahaifiyar Lauratu, likita ya riga ya gaya wa 'yar a keɓe cewa ciwon hantarta ba zai bari ta ga wata damina ba.

Shekara arba'in Inna ta yi tana dafa burkutu tana yi wa masu wa'azi dariya, sannan ta tuba. Abin da ya rage shi ne dattawan coci su yi mata tambayoyi, su sa sunanta cikin waɗanda za a yi wa baftisma.

Dattawan biyu ne, kuma ko kyauta aka ba Lauratu ɗaya ba ta so. Baba Maiwada, dillalin auduga, gani yake ceto kamar noma ne, iya guminka iya amfaninka. Shi da rabonsa da fartanya tun yana saurayi. Marcellinus kuma, haifaffen Funtua mai shagon maganin feshi, wata uku kacal ya yi a makarantar Littafi Mai Tsarki, ya dawo kai ya kumbura. Ba ka isa ka ce "na tuba" a gabansa bai gyara maka ba. Sun daɗe suna neman inda za su gwada ƙwanji, sai ga tsohuwa ta kawo kanta.

"Inna," in ji Maiwada, "da kanki kika zaɓi bin Yesu, ko?"

"Tsaya, Baba," Marcellinus ya katse shi. "Matacce cikin zunubi ba ya zaɓe. Mama, ke kika zaɓe shi, ko shi ya zaɓe ki?"

Inna ta dube su, ta gyara zama da ƙyar.

"Ɗan nan, ni dai ina surfe ran nan zuciyata ta karye, na yi ta kuka. Ban nema ba, zuwa ya yi. Amma layuna, da hannuna na kwance su na zuba a murhu."

Lauratu ta ji hawaye. Su kuwa malaman, kowa ya ɓata rai, don kowa rabin amsar ya so. Aka buɗe littattafai, wannan ya jawo aya daga wasiƙar Romawa, wancan ya jawo daga ta Yaƙub, yawu na tashi. Tsohuwa tana kan benci tana dafe da ciki, ba wanda ya ce mata sannu. Kunya dai ba a raba da su ba.

Da suka gaji, suka yi abin da ba su taɓa yi ba: bakinsu ya zo ɗaya. Wai ba ta fahimta ba tukuna, ta koma ajin masu shirin baftisma, sai baɗi.

"Baba, ba ta da lafiya fa," in ji Lauratu.

"Ta ƙara himma," in ji Maiwada.

"In zaɓaɓɓiya ce, ba abin da ta rasa," in ji Marcellinus, yana laluben makullin mashin ɗinsa.

A hanyar gida, tsakanin gonakin dawa, Inna ta tsaya hutawa. Matar da watanni ke nan take kwana da waƙa ta tashi da waƙa, ta riƙe hannun 'yarta, murya ƙasa-ƙasa.

"Lauratu, da ya ce 'in zaɓaɓɓiya ce'... ashe yana yiwuwa ba ni ciki?"