Kazar Ɗori

"Duk kajin gidan nan ka rasa wadda za ka sa wa wuƙa sai wake-waken nan?" in ji Inna Hajo, tana nuna Tukur da muciya. "Kai Tukur! Ƙafar ƙanwarka ka yanka, ka sani ko ba ka sani ba?"

"Haba Inna, baƙuwa ce fa tun daga Kaduna, ba sanarwa. Sauran duk sun tsere, ita kaɗai ta tsaya."

"To ba dole ta tsaya ba? A hannu ta saba!"

Mukarrama na zaune bakin gado, ta miƙe ƙafar hagu a kan kujera 'yar tsuguno. Ga kwanon miya nan a ƙasa, saura ƙasusuwa.

Kowa a Makarfi ya san Mukarrama, 'yar Hajo mai waina. Tun tana firamare take buga lemon tsami a bayan kasuwa, har malamin wasanni ya gan ta, aka kai ta gasa, wani kulob ɗin mata a Kaduna ya ɗauke ta. A tsakiyar fili take, lamba takwas. Ita ke ƙwato ƙwallo, ita ke raba wa na gaba. Matan unguwa dai ba su taɓa gane wannan aiki ba. In aka nuna musu wasa a waya sai su ce, "Ita kullum sai ta wahala ta samo, kuma ta miƙa wa wata? Kyautar uwarta ta gado."

Bara, ana tsakiyar wasa, ta juya da ƙwallo, ƙafa ta ƙi biyo ta. Likita ya ɗauki hoto ya ce jijiyar gwiwa ce ta tsinke, sai an yi aiki. Inna Hajo da ta ji an ambaci wuƙa ta ɗora hannu a ka, ta ce ba da 'yarta ba. Aka sa Mukarrama a mota sai Paki, wurin wani tsoho mai ɗori. Tsohon ya sa aka kawo kaza, ya karya mata ƙafar hagu, ya ɗaure da kara, ya ɗaure gwiwar yarinya da kara, ya ce su yi jinya tare. Ranar da kaza ta taka, mai ƙafa ma ta taka.

Kaza kam ta warke. Ta taka, ta yi gudu, ta haye katanga, har ƙwai ta saka a cikin takalmin ƙwallon da ke ƙarƙashin gado. Mukarrama kuwa in ta juya ɗaukar buta sai gwiwar ta zame kamar an janye mata tabarma. Inna ta ce a yi haƙuri, ai kaza ta fi mutum sauri. Damina ta wuce, aka sare rake, ana haƙuri.

Yau kuma kocinsu, Sa'adiyya, ta zo dubiya. Ta ci tuwo, ta yaba miya, sannan ta ce a ba su wuri. Abin da aka faɗa a ɗakin, Inna ba ta ji ba, tana can tana ƙirga kaji.

"Gobe da sassafe mu koma Paki," in ji Inna. "A sayi wata, a karya, a sake daga farko."

"Inna," Mukarrama ta ce a hankali, "an ba wata rigata."

"Wace riga?"

"Takwas ɗin. Wata yarinya ce daga Kudan. Koci ta murɗa gwiwar nan da hannunta, ta ce ko yau aka yi aikin, kulob ba zai iya jira ba. Ta ce da tun farko ne."

Inna ta ajiye muciya, ta sake ɗauka.

"Ka gani ko?" ta juya kan Tukur. "Da kazar na raye da bakin matar nan bai faɗi haka ba! Ta ci ƙafar 'yata ta suɗe hannu!"

"Inna, ƙashin kaza aka karya. Ni ƙashina lafiyarsa lau. Tun ran farko na faɗa."

Tukur ya sosa ƙeya. Shi a ganinsa lallashi zai yi. "To ai ba wani abu ba ne, Mukarrama. Shekara nawa kina wasan nan, ƙwallo nawa kika taɓa jefawa a raga? Wa ma zai lura ba kya nan?"

Mukarrama ta dube shi. Sai ta sunkuya ta jawo takalman daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe gashin kaza da ke ciki, ta ajiye su kusa da kwanon ƙasusuwa.

"Yaya Tukur, ka kai su kasuwa ranar Laraba. Inna, ki bar kajin mutane da ƙafafunsu."

"Ina za ki? Ke da ba ki da ƙafa!"

Ta miƙe. A bakin ƙofa gwiwar ta zame, ta cafki ƙyaure da hannu biyu. Tukur ya yunƙuro zai tare ta, ta ture hannunsa, ta ja ƙafar ta fita, ta bugo ƙyauren har ƙasa ta zubo daga bango cikin kwanon miya.