Baƙin Allo Kafin Ƙarfe Huɗu

Gara a faɗi gaskiya tun farko: Mai Zane ba ya karanta littafin bayani. Yawancinmu masu furfura a gemu muna da wannan ciwon, amma nasa ya yi nisa. Shekara ashirin yana zana wa mutane taswirar gidaje, yana faɗa da magina don ba sa bin takarda, amma duk na'urar da ya saya, littafinta a ƙarƙashin ƙafar tebur yake ƙarewa.

Kwamfuta ɗaya ce a gidan, a ɗan ɗakin da ke jikin kicin. A cikinta yake zanensa, a cikinta kuma matarsa, Malama, take rubuta kundin digirinta na biyu, wanda dole ta tura ranar Alhamis kafin ƙarfe huɗu. Shekara biyu tana fama da shi. Abu ɗaya ta roƙe shi: kada ya buɗe cikin kwamfutar nan sai ta tura. Ya yi alkawari har da dafa ƙirji. A lokacin da yake dafa ƙirjin, sabon katin hoto, irin wanda ake sokawa cikin kwamfuta, yana kwance cikin kwalinsa a saman durowar kaya, bayan akwatin barguna. Mai shago ya ce da wannan katin gidajensa za su riƙa juyawa sumul a allo, ba irin yadda suke tsayawa suna tunani ba.

Ya daure Litinin, ya daure Talata da Laraba. Ranar Alhamis da Malama ta fita koyarwa, ta ce sai ƙarfe uku, ya dubi agogo ya ga sha ɗaya. Aikin minti goma ne, in ji shi. Kuma ai taimakonta zai yi.

Ya kwance murfin kwamfutar, ya soka katin har ya ji ƙas, ya ɗaure, ya mayar da kowace waya ramin da ta saba. Ya danna maɓallin kunnawa. Fankoki suka tashi, fitila ta kama, komai yana huci kamar motar da za ta yi tafiya. Allo kuwa baƙi ƙirin. Abin da ya gani a ciki fuskarsa ce kawai, baki buɗe.

Ya kashe ya kunna. Ya sake. Ya ɗan mari gefen akwatin, irin marin da ake wa tsohuwar rediyo. Ya zare ram, 'yan sandunan ƙwaƙwalwar kwamfuta guda biyu, ya hura musu iska, ya goge a gefen riga, ya mayar. Ya ciro ɗan batirin nan mai kama da maɓallin riga, don ya taɓa jin ana cewa a ciro shi, ya riƙe shi a tafin hannu ba tare da ya san me ake jira ba, ya mayar. Baƙi. Ya ce to a fasa, katin ya koma kwalinsa. Katin ya ce bai san zance ba. Ya ja, faifan ciki da aka soka katin a jikinsa ya lanƙwasa ya biyo shi, ya saki da sauri. Shekara biyu na Malama suna cikin akwatin nan, kuma bai san ko ta adana kundin a wani wuri ba. Bai taɓa tambaya ba.

Ƙarfe biyu da kwata ya haɗiye girmansa ya kira ƙaninsa a waya, mai shagon gyaran kwamfuta. Mutumin yau har sanƙo gare shi, amma shi Mai Zane har gobe gani yake shi ya koya masa hawan keke, bai kamata a juya ba. Ya fara da cewa wani abokinsa ne ya shiga matsala. Ƙanin ya saurara tsaf, sannan ya tambaya ko abokin nan ya sanar da Anti Malama. Mai Zane ya ce a yi maganar aiki.

Ƙanin ya bi shi ɗaya bayan ɗaya. Katin ya zauna daidai? Ya zauna, har ya ƙi tashi. Fankarsa tana juyawa? Tana yi. Ya karanta littafin? Ya leƙa.

"Yaya, wayar allo, ina ka soka ta?"

"Inda take shekara shida."

Ƙanin ya ƙunshe dariya da ƙyar. Sannan ya yi bayani a hankali, kamar mai magana da majinyaci: tunda an sa sabon kati, tsohon ramin na sama ya yi ritaya. Hoto yanzu daga jikin katin yake fita. Mai Zane ya ce katin ba shi da wani rami, shi ba makaho ba ne. Ƙanin ya ce ya durƙusa ya haska da fitilar wayarsa.

Ya durƙusa, gwiwa na ƙara. Ga su nan jere, ƙananan murafun roba baƙaƙe guda uku. Ya ɓalle ɗaya da farce, ya soka wayar. Allo ya yi fari, ya kawo rubutu, ya nemi a gyara masa kwanan wata, don cire batirin nan ya mayar da shi shekarun baya. Ya gyara. Kundin Malama yana nan inda yake.

"Ka gaida abokin naka," in ji ƙanin.

Uku saura biyar ya rufe murfin, ya share gumi, ya jefa ƙusa ɗaya da ta yi saura cikin aljihu. Da Malama ta shigo, ta same shi zaune da jarida. Ya miƙe ya ja mata kujera, ya ce ta zo ta tura, lokaci na tafiya, shi ba ya son aikin ƙurarren lokaci.

Ta ajiye jaka, ta dubi ƙurar da ke gwiwar wandonsa, ta dubi murfin robar da ke kan tebur.

"Abban yara, ai na tura tun Litinin," ta ce. "Ranar da na je ɗauko bargo na ga kwalin."