Noti Takwas da Jan Farce

"Kar ka taɓa," in ji Baba Ritaya. "Tocila kawai na ce ka riƙe, Tela. Hannunka na allura ne."

Na janye hannuna. Ya sunkuya cikin bonet ɗin motarsa, numfashinsa na fita da ƙyar, ya ɗora sufana a kan noti na huɗu.

Katanga ɗaya ce ta raba shagon ɗinkina da garejinsa. Shekara talatin ya yi yana gyaran injinan jirgin ƙasa kafin ya ajiye aiki, shi ya sa duk layinmu ke ce masa Ritaya. Motar ja ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi titi. A mace ya sayo ta, ya yi shekara shida yana tayar da ita shi kaɗai, bai taɓa bari bakanike ya leƙa ta ba. Aiki ɗaya ya rage: ya cire tsohon bakin salansa mai tsatsa, ya sa sabbin bututan hayaƙi guda huɗu masu ƙyalli, waɗanda ke fitowa daga jikin injin su haɗe wuri ɗaya. Ya ce da su injin zai yi numfashi sosai, kuma muryar motar ta gaskiya za ta fito. Wannan muryar yake so ya ji, kuma da aikin hannunsa.

Sai dai likita ya riga ya gaya masa zuciyarsa ta gaji. Cire tsohon kaɗai ya ci mana kwana uku, yana ɗiga man birki a kan tsatsar, yana komawa kan kujerar roba ya huta.

"Daga tsakiya ake farawa," ya ce, bai ɗago ba. "Na huɗu, na biyar, na uku, na shida, a haka har gefe. In ka fara daga gefe, bakin zai karkace, hayaƙi ya sami hanya. Zagaye uku, kowanne ya fi na baya ƙarfi. Kana ji?"

"Ina ji, Baba."

"Ba don ka yi ba. Don ka san dai duniya ba ɗinki kaɗai ba ce."

Auta, 'yarsa da ta dawo gidan don jinyarsa, ta shigo da magani a hannu ɗaya da ƙaramar kwalba a ɗaya.

"Ga jan farcen da ka ce, Baba. Yanzu har motar ma kwalliya za a yi mata? Ni da na haifa maka jikoki ba ka taɓa saya mini ba."

"Ke kina da miji. Ita ni kaɗai gare ta."

Da ya gama zagaye na uku, ya tsoma ɗan burushin ya ja layi a kan kowane noti, daga kansa zuwa jikin ƙarfen. Hannunsa na rawa, layukan suka fito a karkace kamar sawun tsutsa.

"A wurin aikinmu haka muke yi," ya ce. "In noti ya motsa, layin zai rabu biyu. Noti ba ya iya ɓoye maka komai."

Auta ta kama shi suka shiga ciki. A bakin ƙofa ta waigo ta rage murya. "Kawu, don Allah ku gama abin nan. Ba zai kwanta ba sai ya ji ta tashi."

Na tsaya ni kaɗai ina tattara kayan aiki. Abin da na gani ne ya hana ni fita: duk gumin da ya yi a zagaye na ƙarshe, sufanar kusan ba ta motsa ba. Na ɗora ta a kan noti na takwas, na ɗan ja kaɗan. Ya juya cikin sauƙi, kamar murfin kwalba. Na mayar da shi daidai layinsa, na rufe garejin.

Yinin nan ban ɗinka abin kirki ba. Ni mutum ne da bai yi nisa a makaranta ba, abin da na sani a gefen keken ɗinki na karanta shi, kuma ina da ciwon juya magana a kai har ta yi laushi. In na bar notunan haka, yana tayar da motar hayaƙi zai tsiyaye, ya ji tana tsaki, ya gane ƙarfinsa ya ƙare. In na gaya masa, ni na faɗa masa da bakina. In kuma na ɗaure a ɓoye, na ba shi muryar da yake so, amma na sace masa abin da ya sa yake son ta. Na auna ukun nan ta kowace fuska, ban sami wadda ba ta da ƙaya ba. Da yamma na daina aunawa, na zaɓi ta ukun.

Washegari da safe Auta ta kai shi asibiti. Na shiga da makullin da ya ba ni ajiya. Na huɗu, na biyar, na uku, na shida. Zagaye uku. Bututun ya yanke ni a bayan hannu, ban tsaya ba. Sannan na goge tsofaffin layukan da fetur, na ja sababbi, na mayar da kwalbar inda take.

Da la'asar ya ce a tayar. Muka taimaka masa ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ban san mota ba, amma wannan ƙarar a ƙirji na ji ta, mai kauri, ba tsaki ba kaɗawa. Gwangwanayen da ke kan kantar garejin suka ɗauki rawa. Mai wanki na tsallaken titi ya fito da kumfa a hannu yana leƙe. Baba Ritaya ya rufe ido, ya ɗan taka totur, ya saki, ya sake takawa. Bututan suka fara sauya launi zuwa ruwan zinariya. Ya daɗe a haka kafin ya kashe.

"Kawo tocila," ya ce.

Ya dafa motar ya zagayo, ya haska notunan ɗaya bayan ɗaya. Auta ta tafi ɗebo masa ruwa.

"Tela."

"Na'am, Baba."

"Wata uku ke nan ban iya sa hannu a takarda ba sai an riƙe mini. Waɗannan layukan kuwa an ja su kamar za a yanka yadi."

Na duba. Takwas ɗin a miƙe suke sambal, tsawonsu ɗaya. Shekara ashirin da biyar ina jan alli a kan yadi, hannuna bai san yadda ake karkacewa ba, ni kuma ko a raina ban kawo ba.

"Nawa suka ci?" ya tambaya.

"Kusan rabin juyi."

"Duka?"

"Duka."

Ya koma kan kujerar roba a hankali. Ya kalli tafin hannunsa, ya juya shi, ya ajiye a gwiwa.

"Daga ina ka fara?"

"Daga tsakiya."

"Zagaye nawa?"

"Uku."

"To." Ya ɗago ya dube ni. "Ka yaudare ni, Tela."

"Na yi, Baba."

"Ban ce na yafe ba. Zan yi tunani." Ya nuna injin da haɓa. "Aikin ma bai ƙare ba. Ƙarfe in ya yi zafin farko ya huce, sai ya saki. Dole a sake bi. Gobe da safe, kafin ka buɗe shago. Kai za ka ɗaure, ni zan riƙe tocila. Kuma kar ka zo mini da wannan farar rigar."

Da safe na sa tsohuwar riga na fito. Ban kai ƙofar garejin ba na ji kukan Auta. Ashe Baba ya sha shayinsa, ya ce ta miƙo masa tocila, kafin ta juyo ya jingina da kujera ya cika.

Na yi ta juya maganarsa a hanyar maƙabarta da dawowa. Ban sani ba ko ya gama tunanin, ban kuma san inda ya tsaya ba. Wani lokaci in ce ba ni sufanar da ya yi shi ne amsar. Wani lokaci in ce ba shi da wani ne kawai.

A kwana na huɗu, da baƙi suka ragu, na buga wa Auta ƙofa na ce akwai aikin da ya bar mini. Ta ɗauko tocilar ta biyo ni.

Injin ya yi sanyi ƙalau. Na ɗora sufana a kan na huɗu, na ja. Ya ɗan ci kaɗan, kamar yadda ya faɗa, layin ya rabu biyu. Na biyar ma haka. Na bi su duka har gefe, na goge layukan, na buɗe kwalbar.

"Matso da hasken, Auta."

Bakwai suka fito a miƙe. A na takwas hannuna ya yi rawa, layin ya karkace ya gangaro gefen notin. Auta ta miƙo mini tsumma. Ban karɓa ba. Muka tsaya, hasken na kan jan layin, har ya bushe.