Kawu da Mai Baƙar Laima

Saboda kawuna na zama tafinta, kuma sai watan jiya na gano bai taɓa jin ko kalma ɗaya ta yaren da na shafe shekara biyar ina koyo ba.

Muna yara yana da ɗakin kallo a bayan shagon wani mai gyaran keke. Benci shida ne, da talabijin ɗaya, da na'urar bidiyo mai tauna kaset in ta ɗau zafi. Finafinan duk na wata ƙasa ce mai nisa, irin waɗanda mutum ɗaya zai daki arba'in hularsa ba ta faɗi ba. Kawu kan rage muryar talabijin, ya tsaya a gefe da makirufo yana fassara. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne tsohuwar da ke kuka a bakin rijiya. Ni kuwa ina raɓe a bayan ƙofa, na rantse sai na iya yaren nan kamar Kawu.

Ɗakin ya mutu tuntuni, amma kasakasan bidiyon suna nan cikin kwali uku a ƙarƙashin gadonsa. Da aka gyara masa na'urar, sai ya gayyato tsofaffin 'yan kallonsa su zo ranar Asabar da la'asar. Ana gobe na je taya shi goge fumfunar da ta kama zaren kasakasan. Muka saka wanda kowa ya fi so don gwaji. A da ba wanda ya iya karanta sunan da ke jikin kwalinsa, don haka Mai Baƙar Laima ake ce masa: wani siririn mutum ne da ke yaƙi da mutane masu kan ƙaguwa, makaminsa laima kawai.

Na ƙara murya, abin da Kawu bai taɓa yi ba. Minti biyar na ji kaina ya ɗaure.

"Kawu, wannan matar da ka ce mana uwarsa ce, ai mai gidan hayarsa ce."

Ya ci gaba da goge kaset da auduga.

"Kawu, kana jin yaren nan kuwa?"

"Ko tari aka yi da shi ban sani ba," ya ce. "Fuska nake kallo, 'yata. In mutum ya zare ido, ai ba gaisuwa yake yi ba."

Wallahi raina ya ɓaci, sannan dariya ta ƙwace mini har na zauna a ƙasa. Shi bai yi dariya ba. Ya ajiye audugar, ya ce shekara talatin mutanen nan suna kiransa Malam Mai Yare, ba shi da wani suna a unguwa sai wannan. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, kada in ce uffan gobe. Ban taɓa ganin Kawu yana jin tsoro ba sai ranar, kuma ya ba ni tausayi. Na yi masa alkawari.

Asabar falo ya cika. Tela ya zo da tabaransa biyu, na nesa da na kusa. Direba ya zauna daidai inda yakan zauna da, hagu da talabijin, duk da yanzu kunnen hagun ne ba ya ji. Mai gyaran keken ya zo da sandarsa. Hoton na rawa, wani farin layi na yawo a ƙasan allo, ba wanda ya damu. Da masu kan ƙaguwa suka fito, zip ɗin rigarsu a fili a baya, tsofaffin nan suka yi ta ihu kamar yara.

Aka zo wurin da kowa ke jira. Mai laima da babban mugu sun tsaya a kan gada, ruwa na zuba, suna zare wa juna ido. Kawu ya kumbura murya: "Kai ka kashe malamina, ka ƙona makarantarmu! Yau ɗayanmu ne zai sauka daga gadar nan!"

Sai Direba ya ɗaga hannu. "Tsaya, tsaya. Ga ƙwararriya a zaune, wadda ta je har can. 'Yar nan, faɗa mana da bakinki, haka ya ce?"

Na ce makogwarona na ciwo. Direba ya ce ai yanzu ya ji ina waya garau. Na ce sautin ba ya fita sosai, ya miƙa hannu ya ƙure murya, ya tariyo kaset ɗin baya. Ni kuma ga halina, ban iya ƙarya ido da ido ba, ko a wurin aiki an san ni da wannan. Na dubi Kawu, ya sunkuyar da kai yana murza wayar makirufo.

"Cewa ya yi," na faɗa a hankali, "laimar ba tasa ba ce, ta ƙanwarsa ce, kuma in ta karye ba zai iya komawa gida ba."

"Shi mugun fa?"

"Ya ce shi ma yana da ƙanwa, ya gane."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya ajiye makirufo a kan talabijin.

Tela ne ya fara dariya, har sai da ya cire tabarau ya goge ido.

"Malam Mai Yare, wai kai a zatonka ba mu sani ba? Sau goma sha ɗaya na kalli fim ɗin nan a ɗakinka. Wata rana malaminsa aka kashe, wata rana gonarsa aka ƙwace, akwai ranar da ka ce mugun surukinsa ne."

"Ranar da ka yi faɗa da surukinka ke nan," in ji mai gyaran keke.

"To me kake tsammani yake dawo da mu?" Tela ya tambayi Kawu. "Laimar?"

Kawu ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Duk kun sani? Tun yaushe?"

"Tun sati na biyu," Direba ya ce. "Ni dai so nake in ji ko na gaskiyar ya kai naka. Bai kai ba. 'Yar nan, rage mana muryar nan, sun cika mu da surutu."

Na rage. Kawu ya juya baya kamar yana gyara waya, ya daɗe yana gyaran, na ga kafaɗunsa na motsi. Da ya juyo idonsa ya yi ja. Ya ɗauki makirufo, ya hura shi sau biyu, ya nuna mai laima a kan gada.

"Wannan da kuke gani," ya ce, "wata 'yar ƙanwarsa ce ta tona masa asiri a gaban jama'a. Ku matso ku ji abin da zai yi mata."