Hannun Intalla

Shekara goma sha tara Abdurrazak ya yi cikin soja, bakwai daga ciki a fagen daga, bakin kogin Komadugu, kafin ya aje kaki ya dawo Dakoro da muƙamin sarjan da kunnen hagu wanda ba ya ji sosai. Wata shida ya yi yana zama kasuwar dabbobi, ba saye ba sayarwa. Matarshi Suwaiba ce ta ji a bakin yayanta cewa wani kamfani mai kula da bututun mai yana neman tsofaffin sojoji. Ya kai takardunshi, aka ɗauke shi gadi.

Aikin ba bindiga. Hular kwano aka ba shi, da rediyon magana, da wata 'yar na'ura mai kuka in ta shaƙi gas. Tasharsu na can cikin daji, kewaye da waya, sati uku a bakin aiki, sati ɗaya gida. Ya ji daɗin wurin, don akwai lokacin tashi, akwai shef mai ba da umarni, kowa ya san matsayinshi.

Wata Talata da hantsi ma'aikata suka buɗe wani famfo don rage iskar da ta taru. Sun ce sun faɗa mishi. Wataƙila ta gefen hagu suka faɗa. Ƙara ta tashi kamar an harba babbar bindiga. A daidai lokacin ya hango mutum da rawani a bakin waya, hannu ɗaya cikin riga. Bai san sa'ad da ya ruga ba. Ko da hankalinshi ya dawo, gwiwarshi na kan bayan wani tsoho, hannun tsohon ya karye, abin da ke cikin rigar kuwa igiya ce. Sunanshi Intalla, makiyayi ne daga wajen Bader Goula, raƙumarshi ta ɓata ya zo tambaya.

Sha'ibu, shef ɗin tasha, ba mugun mutum ba ne, amma yana tsoron manyanshi. Ya rubuta cewa an kama wani yana ƙoƙarin yanke waya, ya kira jandarmomi. Bayan an ɗaure wa tsohon hannu a likita, suka wuce da shi Dakoro. Sha'ibu ya aje takardar gaban Abdurrazak.

"Sa hannu, Sarjan. In aka ji gaskiya, daga ni har kai mun tashi."

Abdurrazak ya ce zai yi tunani. Ranar Juma'a hutunshi ya kama, ya tafi gida da takardar cikin aljihu. Kwana biyu bai ci abin kirki ba. Da Suwaiba ta matsa mishi, ya faɗa mata duka, har abin da bai taɓa faɗa ba: tun dawowarshi, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya ji warin albarushi. Ta ce ba ta san da me za su riƙe yara huɗu ba, amma tsohon ma uban wasu ne.

Washegari Abdurrazak ya tarar da Intalla zaune a inuwar ofishin jandarmomi, hannu rataye a wuya. Ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya dube shi, ya gane shi.

"Ɗana, an ga raƙumar?"

Abdurrazak ya girgiza kai. Ya miƙe ya shiga wurin kwamanda, ya ba da labari yadda ya faru, aka rubuta, ya sa hannu.

Bayan kwana biyu aka saki Intalla. Kamfani bai kori Abdurrazak da hayaniya ba, takarda ce ta zo cewa lafiyarshi ba ta dace da aikin ba. Sha'ibu ma an mai da shi wata tasha. Hannun tsohon ya warke a karkace, ba ya iya jan guga. Abdurrazak ya je har zangonsu neman gafara. Tsohon ya yafe, 'ya'yanshi ba su amsa sallama ba.

Da damina ta faɗi, Suwaiba ta raka shi Maraɗi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likitan ya tambaye shi yaushe abin ya fara. Abdurrazak ya juyo mishi da kunnen dama, ya ce ya sake faɗi.